Takardu Ɗari Uku da Rubutun Hannu Ɗaya

Litinin, huɗu da rabi na yamma

Tun sha ɗaya na safe na dawo gida. Shekara goma sha huɗu ina aiki a sashen talla na kamfanin sabulu, ban taɓa sanin yadda falona yake da hantsin Litinin ba. Ashe rana tana shigowa ta taga har kan kujerar Baban yara, shi ya sa hannunta ɗaya ya koɗe, ni kuwa ina ta zagin mai yadin.

Sun ce in zauna a gida "har a kammala bincike". Shugabar ofishin ma'aikata, wadda muke kira Madam Fayil, ita ta miƙo mini takardar, ta karɓi katin shigata da makullin durowa, ko kallona ba ta yi ba. Sabon manajan talla yana zaune a gefe. Mai Kwat muke ce masa a bayan idonsa, don ko zafi zai kashe mutum ba ya tuɓe ta. Ya jera takardun jin ra'ayin da na kawo daga kasuwa a kan tebur, guda ɗari uku da goma sha biyu.

Ya ce, "Malama, duk rubutun hannun mutum ɗaya ne. Biron ma iri ɗaya."

Na ce, "Ƙwarai kuwa, yallaɓai, rubutuna ne."

Suka kalli juna. Ni a zatona bayani nake yi, ashe a wurinsu laifi na amsa.

Talata, bakwai da kwata na safe

Na yi wanka, na shirya, na rataya jaka. Sai da na kama hannun ƙofa na tuna.

Talata, biyu na rana

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don in ji shi da kaina, tunda jiya ba wanda ya bar ni na kai ƙarshe.

Kamfani ya fito da sabon sabulun wanki, shuɗi. Aka ce in raba samfur a kasuwanni uku, in koma bayan mako biyu in ji abin da mata za su ce. Aikina ke nan tun ina budurwa. To wa za ka miƙa wa takarda da biro a kasuwa? Mai kifi hannunta duk jini da ɓawo, mai wanki hannunta cikin kumfa, mai kayan miya tana ciniki da mutum uku lokaci ɗaya. Wasu kuma ba su iya rubutun ba, kuma ba a tsayar da babbar mace a gaban jama'a a tambaye ta ko ta iya. Sai in ja benci in zauna, mu gaisa, mu taɓa hirar 'ya'ya da ciwon baya, in sako tambayoyina a tsakani, ina rubutawa a kan cinyata. Layin lambar waya kuwa a buɗe nake barinsa, don da ka nemi lamba hira ta mutu. Sun gaji da saƙonnin talla. Haka tsohon manajanmu ya koya mini kafin ya yi ritaya, haka nake yi, kuma an sha tafa mini a taro a kan haka.

Mata ɗari biyu da arba'in da ɗaya suka ce sabon yana da ƙamshi, amma yana saurin narkewa a ruwa, kuma yana sa ƙaiƙayin hannu. Na rubuta, na miƙa. A lokacin an riga an buga manyan allunan tallansa. Sabulun kuwa da shi Mai Kwat ya zo kamfanin.

Ba zan rubuta abin da nake tunani a kan wannan ba.

Laraba, biyar na yamma

Ba su kira ba.

Alhamis, takwas na safe

Baban yara kafin ya tafi makarantar da yake koyarwa ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, ai ba ki yi komai ba." Na ce na sani. Ya ce, "To ki ci abinci mana." Mutumin kirki ne, amma shi duk matsalar duniya da abinci yake maganinta. Na kusa ce masa ba yunwa ce ke neman raba ni da aikina ba, sai na ga yadda yake riƙe da jaka kamar yaron da aka aika ya manta saƙo, na fasa.

Abin da ke cina shi ne kalmar da ke cikin takardar. Ba zan rubuta ta a nan ba. Wai ni na zauna a ɗakina na ƙirƙiri mata ɗari uku daga kaina.

Jumma'a, uku na yamma

Inna ta kira. Ta ce, "Kina ofis ko? To ba zan tsayar da ke ba. Na ga sabon tallanku a talabijin, na kira maƙwabta na ce su zo su ga aikin 'yata." Na ce, "Madalla, Inna." Ta ce muryata ta yi wani iri, na ce iskar fanka ce.

Ban taɓa yin tallan talabijin ba a rayuwata, amma a wurin Inna duk abin da ya fito da sunan kamfanin nan ni na yi shi.

Litinin, goma na safe

Na zauna na duba guraben aikin talla a waya, don kada a ce ban motsa ba. Kai! Ashe sana'ar ta haihu ban sani ba. Akwai mai kula da shafukan sada zumunta, akwai mai nazarin alƙaluma, akwai mai rubuta 'yan gajerun bidiyo, akwai mai sa sunan kaya ya fito a saman jeri idan an yi nema a intanet, akwai ma wanda aikinsa kawai ya yi hulɗa da yaran nan masu tarin mabiya. Aiki kam ga shi nan birjik. Na karanta ashirin da uku, ban ga ko ɗaya da yake neman wadda ta san cewa idan mace ta ce sabulu "ba laifi" tana kau da kai, to ba za ta sake sayensa ba.

Na dai aika wa wurare huɗu. A gurbin da aka ce "dalilin barin aikinka na yanzu" na tsaya har wayar ta yi duhu sau uku.

Talata, biyar na yamma

Ba su kira ba. Na share falo sau biyu.

Laraba, sha biyu na rana

Na kira Direba, wanda yake kai ni kasuwa shekara tara ke nan. Ya daɗe bai ɗauka ba. Da ya ɗauka murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Madam, an hana mu magana da ke fa." Na ce ba zan daɗe ba, so nake kawai ya gaya musu ya ga ina shiga kasuwa. Ya ce an riga an sa shi ya rubuta. Ya rubuta cewa yana sauke ni a bakin ƙofa da safe, yana ɗaukata da la'asar, abin da ke tsakani bai gani ba.

"Wallahi, Madam, ban ƙara ko kalma ba. Kin san ni da ƙin wari, ban taɓa shiga layin kifi ba."

Gaskiya ya rubuta. Yana da 'ya'ya biyar. Na ce masa ba komai, ya gaida iyali. Da na ajiye wayar na yi kuka, kukan farko tun da abin ya faru, kuma ba haushinsa nake ji ba. Ban ma san haushin wa zan ji ba.

Alhamis, shida saura na yamma

Yau na je kasuwa da ƙafata, ba mota, ba rigar kamfani. Tun daga bakin layi aka fara, "Ga 'yar sabulu! Ina samfur?" Na ce yau hannu rabbana na zo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina bayani. Kowa ta riƙe baki, kowa ta ce Allah ya isar mini. Amma da na ce ina neman waɗanda za su bi ni ofis su ba da shaida, sai aka fara duba kaya. Wannan ta ce wa zai tsare mata rumfa, waccan ta ce mijinta ba ya son ta shiga harkar manya. Ban ga laifinsu ba, yini guda ne na cinikinsu.

Sai Mai Kifi, wadda ta kusa sa'ar Inna, ta goge wuƙa a jikin zanenta ta ce, "Yaushe ne?"

Na ce ba su sa rana ba tukuna.

Ta ce, "In sun sa, ki zo ki ɗauke ni. Ni ce na fara gaya miki yana cin hannu, ga shaida ma." Ta buɗe mini tsakanin yatsunta, har yanzu da sauran ja. Sannan ta ce, "Ke kuma kin rame. Wato su masu kwat ɗin, da suka ce ƙarya kika yi, wanki suke yi a gidajensu?"

Na yi dariya har da hawaye. Na dawo da ɗan ƙarfin gwiwa, ina tsoron in yarda da shi.

Asabar, sha ɗaya na safe

Ba su kira ba. To, yau Asabar ce, dama ba za su kira ba. Amma wayar tana hannuna.

Litinin, huɗu na yamma

Ɗaya daga cikin wurare huɗun nan ya kira ni ganawa, wani ƙaramin kamfanin man shafawa a hawa na biyu, saman shagon taya. Mai kamfanin matashi ne, da ladabinsa, har ya miƙe ya ba ni kujera yana "Anti, bismillah". Ya tambaye ni mabiya nawa nake da su. Na ce a waya ban kai ɗari ba, amma in ya bi ni kasuwa zai ga mata ɗari uku da suka san sunan 'ya'yana. Ya yi dariya, ya ce abin ya burge shi, kuma na ga da gaske yake. Ya ce su ma sun fara gane cewa dannawa a waya daban, saye daban.

Har na fara sa rai. Sai ya ce, "Saura takardar shaida daga inda kike aiki yanzu. Manajanku ma na san shi, mun yi kwas tare, zan kira shi kawai."

Na ce to. Na sauko matakala. Sana'ar nan ga ta da faɗi a waya, amma a ƙasa kowa ya san kowa.

Talata, tara na safe

Ban tashi daga gado da wuri ba. Baban yara ya shirya yara da kansa, na ji ƙaramar tana cewa ba haka Mama take ɗaure mata takalmi ba.

Laraba, biyu na rana

Sun kira. Jumma'a, ƙarfe goma. Madam Fayil ta ce zan iya zuwa da "duk wata hujja". Na ce zan zo da mutum. Ta ce, "Mutum kuma?" kamar na ce zan zo da akuya.

Mai man shafawa bai sake kira ba.

Jumma'a, biyar na yamma

Zan rubuta shi a jere, in ba haka ba zai ci gaba da juyawa a kaina.

Mai Kifi ta rufe rumfarta, ta sa kayanta masu kyau, har da turare. A bakin ƙofar kamfani mai gadin da nake gaisawa da shi shekara goma sha huɗu ya ba ni katin baƙi. Ya ba ni yana kallon ƙasa.

Su uku ne a ɗakin: Madam Fayil, Mai Kwat, da wani daga ofishin lauyan kamfani. Mai Kifi ba ta jira an ba ta izini ba. Ta gaishe su, ta ce, "'Ya'yana, ni ban san dokarku ba. Amma yarinyar nan ta zauna a bencina ta tambaye ni, na faɗa, ta rubuta. Haka ta yi wa duk layinmu, ina gani. Sabulunku kuwa ƙamshi gare shi, amma ba ya kai kwana uku, kuma ga abin da ya yi mini." Ta miƙa wa Mai Kwat hannu har kusa da hancinsa. Ya ja baya da kujerarsa.

Na ga Madam Fayil ta ɗan sassauta, har ta kalle ni karo na farko. Lauyan ya ce magana ta yi kyau, amma dole ta shiga fayil. Ya tura wa Mai Kifi farar takarda da biro, ya ce, "Mama, ki rubuta abin da kika faɗa, ki sa hannu."

Mai Kifi ta dubi takardar, ta dube shi. Sai ta turo mini su, hankalinta kwance, ta ce, "'Yata, rubuta mini kamar yadda kika saba."

Ni kuma, Allah shi ne shaida, hannuna da kansa ya ɗauki biron. Har na cire murfin.

Mai Kwat ya jingina da kujera ya kalli lauyan. Lauyan ya ce ba zai yiwu wadda ake bincike a kanta ta rubuta shaidar kanta ba. Na ce to wani a cikinsu ya rubuta mata, ta dangwala yatsa. Ya ce 'yan kwamiti ba sa rubuta wa mai shaida. Ya ce kuma ko an karɓa, wannan mutum ɗaya ce, saura ɗari uku da goma sha ɗaya. Mai Kifi ta ce, "To ku taso mu je kasuwar mana, ga mota a waje."

A hanya ta yi ta tambayata, "Na ɓata miki ne? Gaya mini gaskiya." Na ce a'a, Mama, kin gyara. Ta yi asarar cinikin yini saboda ni, na kasa ko haɗa ido da ita.

Lahadi, huɗu na yamma

Na je gidan Inna da niyyar in gaya mata. Na tarar ta sayo sabon sabulun guda uku ta jera a kan taga, wai tana taya ni ciniki. Ta ce yana ɗan sa mata ƙaiƙayi amma ba komai, za ta saba. Na kwashe su na sa a jakata, na ce zan kawo mata tsohon. Ban gaya mata ba.

Talata, ɗaya na rana

Ba su kira ba.

Laraba, ɗaya na rana

Ba su kira ba.

Alhamis, sha ɗaya na safe

Takarda ta zo, mai babur ya kawo. Ba su ce na yi abin ba, ba su ce ban yi ba. Sun ce "an kasa tabbatar da sahihancin bayanan". Sun ba ni zaɓi: in ajiye aiki da kaina, su ba ni takardar da ke nuna ranar da na fara da ranar da na bari, ba yabo ba suka, ko kuma su su kore ni.

Baban yara ya karanta sau biyu a tsaye. Bai ce in ci abinci ba. Ya zauna kusa da ni a ƙasa ya ce, "Duk wanda kika zaɓa, ina bayanki." Da ma faɗa ya yi, da na samu wanda zan yi wa ihu.

Jumma'a, goma na safe

Na ajiye. Takardar layi uku ce.

Litinin, uku na yamma

Na gaya wa Inna. Ta ce, "To tallan nan na talabijin, wa zai riƙa yi musu?" Na ce za su samu wani, Inna.

Na aika wa wurare shida. Na shiga wani kwas na tallan intanet a waya, malamin yana magana da sauri, ina ta mayar da shi baya. Shekarata arba'in da ɗaya. Wai akwai hanyoyi da yawa a sana'ar nan, haka malamin ya ce. Na yarda akwai su, ban dai ga wadda ta biyo ta ƙofar gidana ba.

Alhamis, biyar da rabi na yamma

Direba ya kira da kansa, daga wayar matarsa.

Ya ce kwana huɗu ke nan ba abin da yake yi sai kwaso katan-katan na shuɗin sabulu da 'yan kasuwa suka mayar. Sito ya cika. Manya sun ce a sake jin ra'ayi, Mai Kwat ya sa aka tura tambayoyi ta waya, mako guda mutum tara suka amsa, biyu daga ciki ma'aikatanmu ne. Yanzu an ce gobe a koma kasuwa da takarda, kuma tunda babu kowa a kujerata, shi aka ce ya raka wasu sababbin ma'aikata biyu, wai ai ya san hanya.

"Madam, ki rufa mini asiri. Ni bakin ƙofa kawai na sani. Ta ina ake farawa?"

Ya kamata in kashe wayar. Na san ya kamata. Amma sai na ji bakina yana zuba. Na ce su fara da layin kifi, in Mai Kifi ta ba su benci kowa zai ba su. Kada su je kafin goma, lokacin ana sauke kaya. Kada su fito da takarda sai an gama gaisuwa. Kada su nemi lambar waya. In mace ta ce ba laifi, su jira, maganar tana baya. Na gaya masa wadda ake fara tambayar lafiyar ɗanta, da wadda ba a yi mata zancen miji. Minti arba'in ina magana, duk abin da na tara a shekara goma sha huɗu na juye masa, kuma abin haushin, daɗi nake ji. Tun da aka sallamo ni ban ji ni mutum ce ba sai a mintocin nan.

Ya yi ta godiya. Sannan ya ce, "To Madam, waɗanda hannunsu ba dama, da waɗanda ba su iya ba, mu rubuta musu ke nan?"

Na ce, "Kada ka kuskura. Ko harafi ɗaya kada ka rubuta wa kowa, kana da 'ya'ya."

Ya ce, "To ta yaya za a san abin da suka ce?"

Yana ta "Madam? Madam, kina jina?" Ina jinsa sarai. Na ce masa ban sani ba.